Shin Berchtesgaden Garin Hitila Ne? Amsa Ga Mai Shirin Kai Iyali

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina karatu a Munich, maiɗakina da yara biyu za su zo mini hutu a watan Yuli. Abokan karatuna sun ce in kai su Berchtesgaden, wai babu inda ya kai shi kyau a Jamus. Amma da na bincika sai na ga ana kiransa garin Hitila, har mutane suna hawa dutse don su ga gidansa. Wane irin wuri ne, me ya faru a can lokacin yaƙi, kuma ya dace mutum ya kai iyalinsa yawon buɗe ido irin wannan wuri?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya ba da sa'ar karatu, ya kawo iyali lafiya.

Ka kai su, amma ka san inda kake taka ƙafa. Na daɗe ina koyar da tarihin Turai na ƙarni na 20, na kuma shiga wannan kwari ba sau ɗaya ba, kuma abin da na fi lura da shi shi ne baƙi suna haɗa wurare uku su mayar da su ɗaya. Akwai garin Berchtesgaden kansa, a ƙasa cikin kwari, mai mutane kusan 8,000. Akwai Obersalzberg, gangaren dutsen da ke saman garin ta gabas. Nan ne gidan Hitila ya kasance, kuma yau ba abin da ya saura daga gidan sai guntun bango cikin itatuwa. Na uku shi ne Kehlsteinhaus, ginin da ke can ƙololuwa, wanda masu jin Ingilishi ke kira Eagle's Nest, wato sheƙar gaggafa. Shi ne ake ta cewa gidan Hitila, alhali ko dare ɗaya bai taɓa kwana a cikinsa ba.

Ka ɗauko taswira. Za ka ga kusurwar kudu maso gabashin jihar Bavaria ta yi tsini ta kutsa cikin Ostiriya, har Ostiriyar ta kewaye ta ta gefe uku. Daga garin zuwa birnin Salzburg na Ostiriya bai kai kilomita 30 ba, daga Munich kuwa tafiyar awa biyu da rabi ce zuwa uku a jirgin ƙasa, da canjin jirgi a Freilassing. Garin yana zaune a tsayin mita 570 ko makamancin haka daga teku, amma dutsen Watzmann da ke tsaye a kansa ya kai mita 2,713. Wato idan ka tsaya a kasuwar garin ka ɗaga kai, sama da kilomita biyu na dutse kake kallo. Mutanen wurin suna da tatsuniyar cewa Watzmann azzalumin sarki ne da ya addabi manoma, sai aka mayar da shi dutse, shi da matarsa da 'ya'yansa bakwai. In ka kalle shi daga arewa za ka ga babban tsini, da ƙarami, da 'yan ƙanana a tsakaninsu. Yara suna jin daɗin wannan labari, sai ka sa su ƙirga 'ya'yan.

Duwatsun nan yawancinsu na farar ƙasa ne, irin waɗanda ruwa ke ci a hankali yana huda su, shi ya sa cikinsu duk koguna ne da ramuka. Kogon da ya fi kowanne zurfi a Jamus, Riesending, yana cikin dutsen Untersberg da ke arewacin garin. A watan Yunin 2014 dutse ya faɗo wa wani mai binciken koguna a kai a zurfin kusan mita 1,000, sai da mutane sama da 700 daga ƙasashe daban-daban suka yi kwana 11 suna aiki kafin a fito da shi da rai. Sanyi mafi tsanani da aka taɓa aunawa a Jamus ma a nan ne: digiri 45.9 ƙasa da sifili, a bakin ɗan tafkin Funtensee, cikin watan Disamban 2001. Dalilin kuwa tafkin yana cikin wani kwarin da ba shi da mafita, kamar ƙwarya, iska mai sanyi ta fi nauyi, sai ta gangara ta kwanta a ciki.

Abin da ya kafa garin gishiri ne. 'Yan zuhudu Kiristoci suka fara zama a kwarin wajen shekarar 1102, lokacin duk daji ne. Da arzikin gishirin ya bayyana sai shugaban gidan zuhudun ya zama sarki mai ƙasarsa, ƙarama amma mai cin gashin kanta, har zuwa 1803. A 1810 aka haɗe ta da Bavaria. Ramin gishirin da ake kai baƙi yau tun 1517 yake aiki bai tsaya ba. Gishirin a gauraye yake da laka da dutse, don haka sai a zuba ruwan daɗi cikin dutsen ya narkar da shi, a janyo ruwan gishirin ta bututu zuwa Bad Reichenhall a dafa. Bututun farko na wannan hanya a 1817 aka shimfiɗa shi, aikin injiniya Georg von Reichenbach. Bayan haka sarakunan Bavaria suka mayar da tsohon gidan zuhudun masaukinsu na farauta, masu zane suka biyo su, jirgin ƙasa ya iso a 1888. A 1877 wata mata mai suna Mauritia Mayer ta buɗe masaukin baƙi a Obersalzberg, daga nan wurin ya zama mahutar masu kuɗi da masana. Sigmund Freud ma ya yi hutu a wannan yanki da iyalinsa. Na kawo maka wannan ne don ka ga garin ya haura shekara 900, yawon buɗe idonsa ya girmi 'yan Nazi, mulkinsu kuma shekara 12 ya yi. Sai dai shekarun nan 12 suna da nauyin da ba a tsallake su.

Hitila ya fara zuwa Obersalzberg a 1923, wajen abokinsa Dietrich Eckart da ke ɓuya a can. Bayan ya fito daga kurkuku ya dawo, kuma a wata 'yar bukka ta katako a nan ya shifta wani ɓangare na juzu'i na biyu na littafinsa Mein Kampf. A 1928 ya kama hayar wani ɗan gida mai suna Haus Wachenfeld, ya saye shi a 1933 da ya hau mulki, sannan zuwa 1936 aka faɗaɗa shi ya zama katafaren gidan da aka sani da Berghof. Falonsa yana da wata makekiyar taga da ake iya saukar da gilashinta gaba ɗaya, mutum ya tsaya yana kallon Untersberg da ƙasar Ostiriya, inda aka haife shi.

A nan nake so ka ɗan dakata, domin shi ne zuciyar amsata. Kyawun wurin nan kayan aiki aka mayar da shi. Mai ɗaukar hotonsa, Heinrich Hoffmann, ya cika Jamus da hotunan Hitila a kan wannan dutse: ga shi yana shafa kan yara, ga shi da karensa, ga shi cikin tufafin ƙauye yana gaisawa da maƙwabta, bayansa duwatsu masu farar ƙanƙara. Ana buga su a littattafai da katunan gaisuwa. Saƙon shi ne ga mutum mai sauƙin kai, ɗan talakawa, mai son yara da daji. Dubban mutane suka riƙa hawowa a ƙafa suna jerin gwano ta gaban gidan don su hango shi. Maƙwabtan da ke cikin hotunan kuwa, korar su ake yi. Martin Bormann, wanda aka damƙa wa ragamar wurin, ya bi gida-gida yana saye, wanda ya ƙi a matsa masa da barazana. Iyalan da kakanninsu suka yi ɗaruruwan shekaru suna kiwo a gangaren suka kwashe kayansu, aka rushe gidajen. Wani matashi mai sana'ar hoto da ya ƙi rabuwa da shagonsa, sansanin gwale-gwale na Dachau aka kai shi. Zuwa 1937 ƙauyen ya ɓace, an kewaye dutsen da waya, an gina barikin dakarun SS, wato rundunar musamman ta jam'iyyar Nazi, da gidajen Bormann da Hermann Göring, shugaban sojan sama, da ofishin Albert Speer, mai zana wa Hitila gine-gine. A Stanggass, kusa da garin, aka buɗe reshen fadar gwamnati, domin Hitila ya shafe kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na zamanin mulkinsa a nan. Bayan Berlin, babu inda aka yi mulkin Jamus kamar wannan dutse.

Kuma mulki aka yi na gaske. Ranar 12 ga Fabrairun 1938 aka kira shugaban gwamnatin Ostiriya, Kurt Schuschnigg, zuwa Berghof, aka yi masa tsawa da barazana gaban janar-janar har ya sa hannu a kan abin da ake so. Bayan wata ɗaya Jamus ta haɗiye ƙasarsa. Ranar 15 ga Satumban wannan shekara firaministan Birtaniya Neville Chamberlain ya hau matakalar gidan don tattauna makomar Cekoslobakiya, bayan mako biyu aka yanka ta a taron Munich. Ranar 22 ga Agustan 1939 Hitila ya tara manyan hafsoshinsa a falon nan mai taga ya shaida musu za a afka wa Poland, kuma a yi ba tausayi. Bayan kwana goma yaƙin da kakanninmu ke kira Yaƙin Hitila ya ɓarke. A ƙarshen Yulin 1940, a wannan gida dai, ya gaya musu niyyarsa ta kai wa Tarayyar Sobiyet hari.

Kehlsteinhaus kuwa Bormann ne ya sa aka gina shi tsakanin 1937 da 1938, a tsayin mita 1,834. An sassaƙa hanya mai tsawon kilomita 6.5 a jikin dutse, da ramuka biyar. Inda hanyar ta ƙare sai a shiga wani rami mai tsawon mita 124 a ƙafa, a hau lifta mai bangon tagulla ta ɗaga mutum wasu mita 124 ta cikin dutsen, ya fito a tsakiyar ginin. Ma'aikata 12 suka mutu a aikin. Hitila bai je ba sai 'yan lokuta, sau goma sha wani abu. Amma akwai rana ɗaya da nake so ka tuna idan ka tsaya a can. Ranar 3 ga Yunin 1944 aka yi shagalin auren Gretl, ƙanwar Eva Braun budurwar Hitila, da hafsan SS Hermann Fegelein, aka ci aka sha aka yi rawa a wannan gini. A daidai waɗannan makonni, daga tsakiyar Mayu zuwa farkon Yuli, jiragen ƙasa suna kwashe Yahudawan Hangari sama da 430,000, kusan dukkansu zuwa sansanin kisa na Auschwitz, inda aka kashe yawancinsu da isarsu. Masu ba da umarnin suna nan suna shan iskar dutse. Duk lokacin da na hau wurin wannan ne ke tsaya mini a rai.

Daga 1943, da jiragen yaƙin ƙasashen ƙawance masu yaƙar Jamus suka fara kai wa ko'ina, aka shiga haƙa ramukan ɓuya a ƙarƙashin dutsen, masu tsawon kilomitoci, yawancin masu haƙar baƙin ma'aikata ne daga Italiya da ƙasar Cek, da yawansu aikin tilas suke yi. Hitila ya bar Berghof a tsakiyar Yulin 1944 bai sake dawowa ba. Ranar 25 ga Afrilun 1945 jiragen Birtaniya ƙirar Lancaster sama da 350 suka yi wa Obersalzberg ruwan bama-bamai. Göring yana cikin ramin ɓuya a ranar, tsare a hannun SS, saboda kwana biyu kafin nan ya aika wa Hitila saƙon neman karɓar ragama. Garin da ke ƙasa bai sami wata ɓarna ba, Kehlsteinhaus ma bam bai same shi ba. Ranar 4 ga Mayu dakarun SS suka cinna wa abin da ya saura na Berghof wuta suka gudu, a ranar kuma runduna ta 3 ta sojan ƙasan Amurka ta shiga garin ba tare da faɗa ba.

Tare da Amurkawan akwai rundunar Faransa ta Janar Leclerc, kuma labarinta ya shafe mu. A Afirka ta samo asali. A watan Agustan 1940, bayan da Faransa ta faɗi a hannun Jamus, gwamnan Cadi Félix Éboué ya bi bayan Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya, Leclerc kuma ya karɓe Kamaru daga Douala. Daga Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, ya ɗauki 'yan ɗaruruwan sojoji, yawancinsu baƙaƙen fata 'yan Cadi da Kamaru, suka keta Sahara suka ƙwace Kufra a kudancin Libiya daga hannun Italiya a farkon Maris ɗin 1941. A can suka yi rantsuwar ba za su ajiye makami ba sai tutar Faransa ta tashi a Strasbourg. Amma a 1943, da aka sake tsara rundunar a Maroko da kayan yaƙin Amurka, sai aka cire baƙaƙen sojojin aka tura su wasu rundunoni. Rukunin da ya hau Obersalzberg a Mayun 1945 yana ɗauke da sunan Cadi, amma 'yan Cadin da suka fara tafiyar ba sa cikinsa. An yi yaƙi da mai aƙidar fifikon launin fata, aka kuma ware sojoji saboda launin fatarsu. Wannan abu yana yi mini ciwo, kuma ya kamata yaranka su ji shi daga bakinka in sun girma.

Bayan yaƙi sojan Amurka suka riƙe Obersalzberg a matsayin wurin hutunsu har tsakiyar shekarun 1990. Ranar 30 ga Afrilun 1952, shekara bakwai cif da mutuwar Hitila, aka tarwatsa kufan Berghof da nakiya, aka dasa itatuwa, don kada ya zama wurin ziyarar masu kewarsa. Kehlsteinhaus aka bar shi ya zama gidan abinci, ribarsa kuma tana tafiya asusun ayyukan jin ƙai na yankin. Sai dai shekaru da dama an bar fili ga masu sayar da 'yan littattafan hotuna, waɗanda ke nuna Hitila da karensa ba tare da ambaton ko gawa ɗaya ba. Wato farfagandar Hoffmann ta ci gaba da aiki bayan mai ita ya mutu. Wannan ne ya sa a 1999 gwamnatin Bavaria ta buɗe gidan tarihin Dokumentation Obersalzberg, ƙarƙashin kulawar cibiyar nazarin tarihin zamani da ke Munich, aka kuma faɗaɗa shi aka sake buɗewa a 2023. Taken baje kolinsa na yanzu ma'anarsa ni'ima da ta'asa. Suna ɗaukar hoton wani abu da ya faru a kan dutsen, su ajiye shi kusa da abin da ya haifar a Warsaw ko Leningrad ko Auschwitz. Ta nan kuma ake shiga wani sashe na ramukan ɓuyan.

To shawarata ita ce ka kiyaye jerin. Ka fara da gidan tarihin, ka ba shi aƙalla awa biyu, kafin ka hau bas zuwa Kehlsteinhaus. Tashar bas ɗin tana nan kusa, kuma ba a barin motocin mutane su bi hanyar. Wanda ya hau ƙololuwar bai shiga gidan tarihin ba, liftar tagulla da faɗin sararin ne kawai za su burge shi, ya sauko yana yaba ƙwarewar maginan, kuma ainihin abin da Bormann ya gina wurin don a ji ke nan. Idan yaran ba su kai shekara 12 ba, kada ka shigar da su sassan da ke da hotunan kisa. Kai da maiɗakinka ku yi karɓa-karɓa. Ka kuma ja kunnen kowa: gaisuwar Nazi ta ɗaga hannu, ko da wasa ce don hoto, laifi ne a dokar Jamus da kan kai mutum gaban alƙali. Kehlsteinhaus a buɗe yake daga wajen tsakiyar Mayu zuwa Oktoba kawai, saboda ƙanƙara. Ranar da gajimare ya rufe dutsen kada ka ɓata kuɗinka.

Rana ta biyu ta tafkin Königssee ce, kuma a nan ba abin da zai nauyaya maka zuciya. Tsawonsa kusan kilomita 8, zurfinsa mita 190, ruwansa kore shar, duwatsu sun tashi tsaye daga cikinsa ta kowane gefe har babu hanyar mota ko ta ƙafa a bakinsa. Yana cikin gandun daji na ƙasa da aka kafa a 1978, mai faɗin murabba'in kilomita 210, shi kaɗai ne irinsa da Jamus ke da shi a tsaunukan Alps. Tun 1909 jiragen ruwan da ke ɗaukar mutane da lantarki suke aiki, shiru kamar ba sa tafiya. A tsakiyar hanya sai matuƙi ya tsayar da jirgi, ɗaya daga ma'aikatan ya fito da begila ya busa, dutse ya mayar masa da amsa. Ana ɗan ba shi wani abu, ka tanadi 'yan canji. Bayan kamar minti 35 za ku isa St. Bartholomä, cocin nan mai jajayen ƙubbobi da kake gani a hotuna. Bayanta bangon gabas na Watzmann ne, mita 1,800 a tsaye, wanda aka fara hawa a 1881, kuma ya ci rayukan mahaya sama da 100. A nan ake sayar da kifin tafkin mai hayaƙi, abin da zai sauƙaƙa muku, domin abincin Bavaria naman alade ya yi masa yawa. Duk inda ka ga kalmar Schwein ko Speck a takardar abinci ka wuce. Idan da ƙarfi ku ci gaba a jirgin zuwa Salet, tashar ƙarshe, ku taka minti 15 zuwa ƙaramin tafkin Obersee, inda ake hango Röthbach, ruwan da ke zubowa daga tsayin mita 470.

Ramin gishiri ka ajiye shi don ranar ruwan sama, kuma a Yuli za ka samu, domin lokacin zafi ne ruwa ya fi sauka a wannan gefe na Alps. Za a ba ku rigunan ma'aikata, ku hau ɗan jirgin ƙasa zuwa cikin dutse, ku zame a kan katako, ku ƙetare tafkin gishiri a ƙarƙashin ƙasa. Sanyin ciki digiri 12 ne rani da damina, a sa wa yara rigar sanyi.

Kada ku raina dutse. Hadari yakan taso da la'asar cikin 'yan mintuna, don haka tafiyar ƙafa da safe ake yi, da takalmi mai kama ƙasa, a kan hanyar da aka yi wa alama. Akwai wani kududdufi a saman magangarar Königsbach da hotunan Instagram suka jawo wa dubban mutane, aka tattake ciyayi, wasu suka rasa rayukansu a ruwan; a 2021 aka rufe wurin, aka sa tara mai yawa ga wanda ya shiga. Lambar neman agaji 112 ce. Yuli lokacin cunkoso ne, ku kama jirgin ruwan farko na safe, kuma da kun sauka a Salet ka duba allon da ke nuna lokacin jirgin ƙarshe ka riƙe shi a ka. Rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara, hasken yakan yaudari baƙo ya ɗauka da sauran lokaci, jirgin ƙarshe kuwa tun da sauran rana yake tashi, kuma daga can babu wata hanyar komawa da yara sai ta ruwa.